Ja daga ƙasa, daga kan katako, ko daga saman gwiwa: da wanne za ka auna ƙarfinka?

A 'yan shekarun nan wani irin bidiyo ya yawaita a wayoyin masu sha'awar ɗaga ƙarfe. Saurayi ne da bai fi kilo 75 ba, tsaye a cikin kejin ƙarfe, an jera wa sanda faya-fayai har ta lanƙwasa. Ya naɗe hannuwansa da maɗauri, ya cika ciki da iska, ya miƙe. Sandar ta tashi kamar faɗin tafin hannu, ta koma. A ƙasa an rubuta wai ya ɗaga ninki shida na nauyin jikinsa, wani ma ya ce bakwai. Mai kallon da ya daɗe yana fama bai kai ninki biyu ba sai jikinsa ya yi sanyi, ko kuma ya ce shi ma daga gobe can zai koma, tunda a can lamba take.

Kafin ka koma, ga wata lamba. A 1985 wani Ba'amurke mai suna Lamar Gant, mai nauyin kilo 60, ya ciro kilo 300 daga ƙasa har ya miƙe da shi a gaban alƙalan gasa, hannu tsura ba maɗauri. Shi ne mutum na farko da aka tabbatar ya ja ninki biyar na jikinsa, kuma shekara 40 bayan haka waɗanda suka maimaita abin ba su da yawa. Saurayin bidiyo bai fi Gant ƙarfi ba, ko kusa. Aikin da yake yi daban ne, sanda da faifai ne kawai suka haɗa su.

To wanne ya kamata ka zuba guminka a kai, kuma da wanne za ka riƙa auna ci gabanka? Amsar tambayoyin nan biyu ba lallai ta zama ɗaya ba.

Iri uku ake magana. Akwai cikakken ja daga ƙasa, wanda 'yan jim ke kira dedlif: faya-fayai na zaune a ƙasa, ka sunkuya ka kama sanda, ka miƙe har gwiwa da ƙugu su daidaita. Akwai ja daga kan katako, inda ake ɗora faya-fayan a kan wani abu domin sandar ta hau zuwa tsakiyar ƙwauri ko ƙasan gwiwa. Sai ja daga cikin keji, wanda ake ce wa rak-ful, inda sandar kanta ake kwantarwa a kan ƙarafa biyu da aka zura a ramukan kejin, kuma galibin masu yin sa suna kai ta daidai gwiwa ko sama da haka. Biyun ƙarshe su ne guntun ja.

Abin da tsayi ke yi wa nauyi

Faifan gasa faɗinsa santimita 45 ne, saboda haka tsakiyar sanda tana santimita 22.5 daga ƙasa, wajen inci 9. Wannan tsayi ba daga halittar ɗan Adam aka ciro shi ba, girman faifai ne ya kawo shi, dogo da gajere duk daga nan suke farawa. Mutum matsakaici, mai tsayin santimita 170, idan ya miƙe ya saki hannuwa, dunƙulen hannunsa zai tsaya wajen santimita 70 daga ƙasa. Ke nan sandar za ta yi tafiyar kusan rabin mita kafin a ce ya gama. Idan aka ɗora ta a saman ƙoƙon gwiwarsa, tafiyar ta koma santimita 15 zuwa 20. A tsakiyar cinya kuwa, ba za ta wuce 5 zuwa 8 ba. Samu tef ɗin tela ka auna naka, domin tsawon hannu na sauya lissafin sosai. Gant ɗin nan dogayen hannuwa gare shi, ga ƙashin bayansa karkatacce ne, idan nauyi ya danne shi gangar jikinsa sai ta ƙara gajarta, sandar ta tsaya ba nisa da gwiwa. Halitta ta taimake shi, amma dai daga ƙasa ya ɗauko.

Gajeriyar tafiya ba ita ce babban dalilin da ya sa nauyi ke ƙaruwa ba. Babban dalilin yana ga tazarar da ke tsakanin ƙugu da sanda. Riƙe bokitin ruwa a jikin cinyarka, sannan ka miƙa hannu gaba da shi: ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗa za ta gaya maka an yi sauyi. Haka ƙugu da gadon baya suke da sanda. Lokacin da take ƙasa, gangar jiki a sunkuye take, ƙugu ya ja can baya, nauyin yana rataye a gaba, tsokar mazaunai da ta bayan cinya da ta gadon baya duk suna aiki a yanayin da ya fi musu wuya. Kowane santimita da sandar ta hau, jiki na ƙara miƙewa, ƙugu na matsowa kusa da ita. Idan ta wuce gwiwa da kyau, kusan ƙasusuwa ne a jere suke tokare da nauyin, tsoka ba ta da sauran wani dogon aiki.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a bidiyon da aka ɗauka ta gaba, sai ka tsaya a gefe. Mai ja daga saman gwiwa yakan tura gwiwoyinsa su kutsa ƙarƙashin sandar, ta kwanta a kan cinyoyinsa, ya jingina baya, sannan ya miƙe ƙafa. Wandonsa ma za ka ga ya tattare sama inda sandar ta goge shi. A nan cinya ce ta tallafo nauyin daga ƙasa, hannu da baya rakiya suka yi. A gasar da IPF, wato hukumar duniya mai kula da gasar irin wannan ɗaga ƙarfe, ke shiryawa, dogara sanda a kan cinya kaɗai ya isa alƙalai su kunna jar fitila, haka nan idan sandar ta ɗan koma ƙasa kafin a gama, kuma ba a yarda da maɗaurin da ke ɗaure hannu da sanda ba.

Tarihin gasa ya nuna girman bambancin. A gasar mutum mafi ƙarfi a duniya ta 1983, Tom Magee ɗan Kanada ya ja kilo 535 daga tsayin inci 18, wato kusan santimita 46, daidai ƙasan gwiwar dogon mutum. Daga ƙasa kuwa, sai a 2006 aka samu wanda ya haye laba 1,000, wato kilo 455, shi ne Andy Bolton ɗan Ingila. Shekara 23 tsakani, kuma duk da haka da sauran kilo 80 kafin ya taɓa lambar Magee. Kilo 500 daga ƙasa sai a 2016 Eddie Hall ya kai shi a birnin Leeds, da maɗauri da matsattsiyar rigar ja, irin dokar gasar ƙarfafa. A 2020 Hafthor Bjornsson ya ƙara kilo ɗaya a kai a ƙasarsa Aislan.

Wanda ya fi ba ni haske shi ne Rauno Heinla ɗan Estoniya, domin a shekara ɗaya ya yi biyun. A 2022 ya ja kilo 476 daga ƙasa, ya kuma ja kilo 580 daga inci 18, a irin jan da ake rataya manyan akwatuna a bakin doguwar sanda. Mutum ɗaya, jiki ɗaya, ɗaga sanda da inci 9 kacal ya ba shi ƙarin kilo 104, sama da kashi 20 cikin 100. Wani ɓangare na ƙarin daga sandar ne, domin doguwa ce mai lanƙwasa, sai ta tanƙwaru hannu ya hau sama kafin akwatunan su bar ƙasa. Eddie Hall shi kuma kilo 536 ya ja daga inci 18 a 2017, ƙarin kashi 7 kacal a kan 500 ɗinsa. Wato ko a tsayi ɗaya, ribar da kowa ke samu ta danganta da tsawon ƙafarsa da irin sandarsa da yadda ya shirya wa ranar. Duk waɗannan kuma a ƙasan gwiwa ne ko dab da ita. Ka ƙiyasta abin da zai faru idan aka kai sanda tsakiyar cinya.

Shi ya sa idan wani ya ce maka ya ja ninki kaza a guntun ja, bai gaya maka komai ba tukuna sai ya faɗi santimita nawa sandar take daga ƙasa, santimita nawa ta motsa, da maɗauri ko babu, kuma cinya ta taimaka ko ba ta taimaka ba. Babu wata hukuma da ta tsayar wa ja daga keji tsayi ɗaya. Kowa ramin da ya ga dama yake zura ƙarfensa.

Ninkin kansa ma ba alƙali mai adalci ba ne

A ajiye batun tsayi, a ce kowa daga ƙasa ya ɗauka. Raba nauyin ƙarfe da nauyin jiki har yanzu yana fifita ƙaramin mutum, kuma dalilin tsoho ne, Galileo ya yi bayaninsa tun 1638. Idan aka ninka tsayin jiki da faɗinsa da kaurinsa sau biyu, nauyinsa zai ninku sau takwas, amma kaurin tsoka, wanda shi ke ba da ƙarfi, sau huɗu kawai zai ninku. Jiki na yin nauyi da sauri fiye da yadda yake yin ƙarfi.

Dubi mutum uku. Gant mai kilo 60 ya ja 300, ninki 5. Ed Coan, shi ma Ba'amurke, a ajin kilo 100 ya ja 409 a 1991, ninki 4.1. Bjornsson mai wajen kilo 200 ya ja 501, ninki 2.5. Idan ninki ne alƙali, Bjornsson bai fi wani matashi mai kilo 60 da ke jan 150 ba, kuma ba mai hankalin da zai yarda da haka.

Gyaran da masana ke yi mai sauƙi ne. Maimakon ka raba da nauyin jiki kai tsaye, sai ka juya wayarka a kwance domin kalkuleta ta fito da sauran maɓallanta, ka saka nauyin jikinka, ka danna maɓallin xʸ, ka saka 0.667. Abin da ya fito da shi za ka raba. Mai kilo 60 zai samu 15.3, mai 70 zai samu 17, mai 80 zai samu 18.6, mai 100 zai samu 21.6. Da wannan lissafi Gant ya tashi da maki 19.6, Coan da 19. Ka ga mutum biyun da ninki ya raba su da nisa ashe kusan kai ɗaya suke. Bjornsson ya tashi da wajen 14.6, har yanzu a ƙasa, domin ƙaton jiki ba duka tsoka ba ne, kuma mai tsayin sama da mita biyu tafiyar sandarsa ta fi tsawo. Amma wancan matashi mai jan 150 makinsa 9.8 ne, an mayar da kowa mazauninsa.

Kawo abin cikin jim ɗin unguwa. Siriri mai kilo 60 yana jan 150, ninki 2.5. Kakkaura mai kilo 100 yana jan 220, ninki 2.2. Siriri zai yi ta cika baki, amma bayan gyara shi 9.8 gare shi, kakkaura 10.2. Hukumomin gasa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa fitar da gwarzon gasa da ninki. Shekaru da dama IPF ta yi aiki da lissafin Robert Wilks ɗan Ostireliya, ta sauya shi a 2019, ta sake kawo wanda ake kira GL a 2020, wasu hukumomin kuma suna aiki da wani lissafin mai suna DOTS. Duk za ka same su kyauta a intanet. Sai dai an gina su ne a kan sakamakon gasa, daga ƙasa, bisa doka. Zuba musu lambar guntun ja ɓata lokaci ne.

Wani abin lura, tunda ana maganar ninki: a gasar nakasassu ta Landan a 2012, Yakubu Adesokan na Najeriya ya ture kilo 180 a kwance a kan benci, a ajin kilo 48, ya ci zinare. Ninki 3.75 ke nan, a turawar ƙirji, inda mai ninki biyu ma ake sara masa. Ƙarfi ne na ban mamaki, amma yana kuma nuna cewa ninki ya danganta da inda nauyin jiki ya taru. Idan yawancinsa na ƙirji da kafaɗa da damtse, lambar za ta yi sama. Haka kuma mai kilo 75 da ke jan 150 zai tashi daga ninki 2 zuwa 2.14 idan ya rame zuwa kilo 70, alhali bai ƙara ko kilo ɗaya a sanda ba. Bayan azumi mutane da yawa za su iya yin wannan alfahari.

To wanne za ka zaɓa?

Idan auna kai ne, ja daga ƙasa ba shi da abokin takara. Shi kaɗai ne ke da tsayi ɗaya a duk duniya, ƙasa kuma ba a matsar da ita rami ɗaya sama ranar da jiki ya ƙi. Yana kuma gwada wurin da ya fi wuya. A ganina, namiji lafiyayye mai matsakaicin jiki da ya ja ninki ɗaya da rabi daga ƙasa da baya miƙaƙƙe ya kafa tushe, mai ninki biyu ya yi ƙarfi na gaske, mai biyu da rabi kuwa ya isa ya fara tunanin gasa. Mai kilo 100 ko sama ya rage wa waɗannan lambobi, mai ƙasa da 65 ya ƙara musu. Illarsa ita ce gajiya. Ja mai nauyi daga ƙasa yana cin kwanaki kafin gadon baya ya dawo daidai, kuma mai aikin ƙarfi da rana, irin ɗan dako ko birkila, ba zai iya yin sa sau biyu a mako ba tare da aikin ya ji a jikinsa ba.

Ja daga kan katako, ƙasan gwiwa, shi ne wanda nake ganin an fi raina wa alhali ya fi amfani a cikin gajerun. Dalili na farko, motsin bai sauya ba. Ƙugu na baya, kafaɗa na saman sanda, baya na ɗauke da aikinsa, kawai an cire maka santimita 10 ko 15 na farko. Dalili na biyu, tunda faya-fayan ne ke zaune a kan katako, sandar tana nan da ɗan sakinta kamar a ƙasa, kana ja tana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan kafin nauyin ya tashi, jiki na samun lokacin ɗaurewa. A keji kuwa sandar ce a kan ƙarfe, nauyin gaba ɗaya yake faɗo maka a hannu lokaci guda, saukewa kuma ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, girgizar ta bi ta hannu har wuya.

Mutum uku ne wannan ya fi dacewa da su. Akwai wanda sanda ke barin ƙasa lafiya amma ta maƙale masa dab da gwiwa. Akwai dogo mai gajerun hannuwa, ko dattijon da ƙugunsa ya sandare, wanda ba ya iya kaiwa santimita 22.5 sai bayansa ya gantsare kamar baka. Wannan ba dole ba ne ya taɓa ja daga ƙasa in ba gasa zai shiga ba, ya ɗaga sandar zuwa inda bayansa ke miƙewa ya mayar da nan ƙasarsa, muddin tsayin ba zai riƙa sauyawa ba. Sai kuma wanda ke dawowa daga ciwon baya bayan likita ya sallame shi, wanda zai fara daga sama da ƙaramin nauyi yana sauka a hankali. Idan jim ɗinku na da sandar nan mai kusurwa shida da ake shiga cikinta, wadda Al Gerard ya ƙirƙiro asalinta a shekarun 1980, manyan mariƙanta ma guntun ja ne, kuma ta fi sauƙi ga baya domin nauyin na gefenka ba gabanka ba.

Wanda sandarsa ke ƙin barin ƙasa tun farko, duk guntun ja ba maganinsa ba ne. Shi akasin haka yake buƙata: ya tsaya a kan katako mai kaurin santimita 3 zuwa 5 ya ja daga ƙasa, ko ya riƙa tsayawa daƙiƙa biyu da sandar ta ɗan tashi. Mutane na guje wa wannan domin dole a rage nauyi, kuma ba wanda ke ɗaukar bidiyon ragi.

Akwai kuma masu cewa matsalarsu a ƙarshen ja take, sandar ta wuce gwiwa amma ƙugu ya ƙi shigowa, don haka sai su koma keji su yi ta jan saman. Sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba. Idan baya ya lanƙwashe tun a ƙasa, sandar za ta tashi da sauri, amma a sama sai an warware wannan lanƙwasa da nauyi a hannu, nan ne ake maƙalewa. A keji kuwa mutum yana farawa ne da baya miƙaƙƙe da gwiwa a ƙarƙashin sanda, yanayin da ba zai taɓa samun kansa a ciki ba idan daga ƙasa ya taso. Yana iya ƙara kilo 50 a keji, ya koma ƙasa ya tarar ko kilo 5 bai ƙaru ba. Ka sa wani ya ɗauke ka ta gefe kafin ka yanke hukuncin inda rauninka yake.

Ba ina cewa ja daga saman gwiwa ba shi da amfani ko kaɗan ba. Yana da biyu. Idan ka cire maɗauri, ka ɗora abin da ya ɗan fi na ƙasa, ka miƙe ka riƙe daƙiƙa 10 zuwa 20, riƙon hannunka zai yi ƙarfi, tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa za ta cika. Ɗan kokawa zai ji daɗin wannan riƙo, ko da yake ɗaga abokin karawa daga ƙasa-ƙasa ake yi da ƙugu a lanƙwashe, don haka cikakken ja ya fi kusa da sana'arsa. Amfani na biyu na zuciya ne: hannun da ya taɓa jin kilo 220 ba ya razana da 180. Waɗannan aikin minti biyar ne a ƙarshen atisaye, ba abin da za a gina mako a kansa ba.

Farashinsa kuma ba kaɗan ba ne. Tsoka ta samu sauƙi, amma ƙashin baya duk nauyin yake ɗauka, kuma masu jingina baya a ƙarshe domin a ga sun gama suna matse ƙasan bayansu a ƙarƙashin abin da ba su taɓa iya ɗagawa daga ƙasa ba. Mai riƙo da hannu ɗaya a juye, idan ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannun, jijiyar damtse na iya tsinkewa, kuma wannan sai tiyata. Riƙe numfashi a ƙarƙashin babban nauyi yana harba jini sama na ɗan lokaci. Eddie Hall da ya sauke kilo 500 jini na zuba daga hancinsa, ya durƙushe a wurin. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙaba ya ga likita kafin ya kusanci kowane irin ja mai nauyi, ballantana wannan.

Sanda ma tana biyan nata. Kilo 300 da aka saki a kan ƙarafan keji na iya bar mata lanƙwasa ta dindindin, daga nan ta riƙa juyawa a hannun duk wanda ya kama ta. Idan mai jim ya hana ka yin sa da sandarsa mai kyau, ba rowa ba ce.

Kayan gida na da nasu lissafin

A jim ɗin unguwa, inda nauyin siminti ne da aka zuba a bokitin fenti, ko faifan birki da sauran ƙarafan mota da mai walda ya huda, duk lambobin da ke sama sai an sake duba su. Simintin bokiti faɗinsa wajen santimita 30 ne, ke nan sandarka tana santimita 15 daga ƙasa, ƙasa da ta gasa, kana yin ja mai wuya ba ka sani ba. Idan kuwa tayar mota aka cika da siminti, faɗinta ya kai santimita 60, sandar tana wajen 30, guntun ja kake yi kana kiran sa cikakke. Nauyin ma yawanci ƙiyasi ne. Wanda ya zuba ya ce kilo 25, aka yi ta faɗa har ya zama gaskiya. Ku kai su sikelin 'yan gwangwan sau ɗaya, har da sandar, a rubuta wa kowane nauyinsa da fenti. Sanda ta gasa kilo 20 ce, bututun da mai walda ya yanko kuwa sai an auna.

Kada a ɗora faifai a kan bulon gini mai rami, yana fashewa ba gargaɗi, sandar ta karkace gefe ɗaya da mutum a sunkuye. Katako mai kauri da aka jera aka buga masa ƙusa ya fi, a sa ɗan tudu a gaba da baya domin kada faifan ya gangaro, a shimfiɗa yankin tsohuwar taya a sama. Kejin da aka yi a gida kuma, a duba waldar ƙarafan da ke ɗaukar sanda kafin a ɗora musu abin da ya fi na kullum. Rodi na lanƙwasawa, walda kuwa ɓallewa take yi.

Ga yadda zan tsara wa mai matsakaicin ƙwarewa. Rana ɗaya a mako ta ja ce. Mako biyu daga ƙasa, mako na uku daga kan katako a ƙasan gwiwa, da nauyin da ya kai kashi 90 zuwa 100 na mafi girman abin da yake ja daga ƙasa, sau uku-uku. Lokaci-lokaci ya gwada ɗaya da kashi 105 ko 110. Idan ya ga yana iya jan kashi 130, ba ƙarfi ne ya ƙaru ba, katakon ne ya yi tsawo ko cinya ta shigo aikin, sai a rage tsayi. A littafinsa ya rubuta abu huɗu kowane lokaci: kilo nawa, sau nawa, tsayin sanda daga ƙasa, da maɗauri ko babu. Nauyin jiki kuma da safe kafin karin kumallo, a sikeli ɗaya. Ninkin da zai riƙa kwatantawa daga wata zuwa wata na ja daga ƙasa ne kawai.

Mai son guntun ja ya zame masa tsani zuwa ƙasa yana da tsohuwar dabara da ake dangantawa da Paul Anderson, Ba'amurken da ya ci zinaren Olamfik a 1956. Rami ya haƙa ya tsaya a ciki, nauyin na bakin ramin, yana ɗagawa ɗan kaɗan, sannan lokaci-lokaci ya zuba ƙasa a ramin domin tafiyar ta ƙaru, nauyin na nan yadda yake. Da katako ya fi sauƙi. Samu falanki biyar ko shida masu kaurin santimita 2 zuwa 3 a kowane gefe. Ɗora kilo 10 sama da abin da kake ja daga ƙasa, ka ja daga saman dukkansu. Idan ya tashi sau uku da baya miƙaƙƙe, bayan mako biyu cire falanki ɗaya a kowane gefe. Falankin farko da na biyu za su fita ba gardama, wahalar tana wajen biyun ƙarshe, inda sandar ta sauko tsakiyar ƙwauri. Idan nauyin ya ƙi tashi a wani tsayi, kada ka mayar da falankin. Rage kilo 10 zuwa 15, ka zauna a wannan tsayi mako uku kana ƙara kilo biyu da rabi ko biyar, sannan ka ci gaba da sauka.